Ruwan Bagaja a Kunne

A Agye, Gazawa da Gidan Rumji, ko wanda bai iya karatu ba yana shan labari a salula. Misali Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934. A ciki Alhaji Imam ya tafi neman ruwan magani har wurin aljannu.

Masu saurare sukan rabu biyu. Wasu su ce daɗin yana ga rubutun, musamman rikicinsa da Malam Zurƙe. Wasu ko su ce a'a, murya ce: in mai karantawa yana gudu, ko ya ba kowa murya guda, barci akan yi.

Ni dai na fi jin haushin mai tsallake shafi. Wanda bai iya duba littafi ba, ƙaƙa za ya san an rage masa?