Akwatin Magani Na Gida

Mazaunin Kakuri yana da asibiti kusa, ga na Gwamna Awan, ga na St. Gerard. Amma wanda ke Sabon Tasha ko Narayi, in yaro ya yanke da tsakad dare, jini ba ya jiran a sami mota. Saboda haka ya kamata kowane maigida ya tanadi akwatin magani. Ko gwangwani mai murfi ya isa, in dai an ɗora shi inda hannun yara ba ya kai.

A zuba bandeji, da auduga, da filasta, da almakashi, da sabulu, da aidin, da ma'aunin zafin jiki. Miki kuwa, a fara danne shi da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, sa'an nan a wanke, a ɗaure.

Abin da ya fi duka amfani, shi ne ya fi araha, watau ƙunshin gishiri da sukari na masu zawo, wanda ake kira ORS. Zawo yana kashe yaro ne ta wajen ƙarar da ruwan jikinsa. In ƙunshin ya ƙare, a tafasa ruwa lita 1, ya huce, a zuba sukari cokalin shayi 6, da gishiri rabin cokali. Kada cokalin ya yi tozo, gama gishiri in ya yi yawa cuta ne. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan, uwa kuma ta ci gaba da ba da nono. In ya kasa sha, ko idanunsa suka faɗa, sai asibiti.

A ajiye farasitamol saboda zazzaɓi, amma fa ba ya kashe cutar sauro, lalle a je a auna jini. Kada a ba yaro asfirin. Kowane magani a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, kada kuma a tara na sha barkatai: a 2008 wani maganin haƙori mai suna My Pikin ya hallaka yara fiye da 80 a ƙasar nan.

Ƙuna ba ta son manja ko ƙwai, ko da tsofaffi sun ce a shafa. Ruwan sanyi za a yi ta kwarara mata, minti 20. Yaron da ya sha kananzir kuma, kada a sa shi amai, domin kananzir ɗin zai shiga huhu. A ɗauke shi a tafi.

A cikin murfin akwatin a rubuta lambar wayar maƙwabci mai abin hawa.