In Jinin Al'ada Ya Ragu, A Zo Awo Kafin A Jiƙa Kanwa

A ɗakin awon mata a nan Gure akwai kukan da ba ya yankewa, daga matan gari har masu zuwa daga Kelle, Bune da Gidigir: "Ungozoma, jinina ya ragu. Da kwana biyar nake yi, yanzu biyu, shi ma ɗigo-ɗigo." Da yawa sun riga sun yanke wa kansu hukunci tun a gida, cewa sauran jinin ya daskare a mara, wata rana zai zama ƙari ko ya toshe haihuwa.

'Yan uwa, babu inda ya taru. Kowane wata mahaifa tana yin shimfiɗa a bangonta don tarbar ciki. In ciki bai shiga ba, sai shimfiɗar ta zube, ita ce al'ada. In ta yi kauri jini ya yi yawa, in ba ta yi ba ya zo kaɗan. Abin da yawancin mata ke zubarwa a al'ada guda bai wuce mililita 30 zuwa 40 ba, wato babban cokali biyu zuwa uku. Saboda haka ki auna kanki da yadda kika saba, ki bar aunawa da kishiya ko maƙwabciya.

Dalilin da na fi gani shi ne maganin tazarar haihuwa. Tun 2006 ake ba da shi kyauta a asibitocin gwamnatin Nijar, a 2014 kuma allurar Sayana Press ta shigo ta tarar da allurar Depo. Allurar wata uku, ashanar hannu da ƙwayoyi duk suna hana shimfiɗar nan yin kauri. Kusan rabin masu yin Depo, in sun cika shekara, al'adar takan ɗauke gaba ɗaya, kuma ba cuta ba ce. Wadda ta bar allura takan jira wasu watanni kafin ciki ya shiga, amma haihuwa na dawowa. A ganina laifin ruɗanin nan namu ne ma'aikata: in layi ya yi tsawo sai a tsira wa mace allura a sallame ta, ba a gaya mata abin da za ta gani ba.

Shayarwa ma tana rage jini ko ta ɗauke shi. Haka rama, musamman daga bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa ga aikin gona ga ɗebo ruwa. Haka damuwa mai tsanani. Yarinyar da ta fara al'ada, da matar da ta haura shekara 45, duk jininsu kan yi wasa. Ciwon maƙoƙo da tarin fuka su ma suna taɓa al'ada.

Abin da ke hana ni barci daban yake. Ɗan jinin da mace ta ɗauka al'ada ce ta ragu, sau da yawa sabon ciki ne. Ga kanwa kuwa, a ƙasarmu ake haƙo ta, arha kamar banza. Sai a jiƙa ta da saiwoyi a ɗura wa mace wai jini ya sauka. In cikin lafiya lau yake, an jefa shi a haɗari. In kuma a wajen mahaifa ya zauna, cikin bututun ƙwai, to ana can ana jiƙe-jiƙe bututun na shirin fashewa. Alamarsa ɗigon jini baƙi-baƙi bayan ɓatan wata, da ciwon mara a gefe guda. In jiri ya biyo baya, ko ciwon kafaɗa, ko suma, jini ne ke zuba a cikin ciki, kuma tiyata kaɗai ke tsayar da shi. A kawo ta asibiti a daren, kada a ce sai maigida ya dawo daga kasuwa. Damagaram ta fi kilomita 150 daga nan, in har sai an tura ta can.

Su inna kuma sukan ce ciki ne ya kwanta, zai tashi in lokacinsa ya yi. Da girmamawa nake faɗa, ciki ba ya kwanciya shekara. Ko dai babu shi, ko ya lalace yana nan bai fita ba, gwajin fitsari da hoton eko ne ke raba gardama.

Akwai mata iri biyu da nake so su ji ni da kyau. Ta farko, wadda aka yi wa wankin ciki bayan ɓari ko haihuwa, tun daga nan al'adarta ta ƙanƙance ko ta ɓace, wani lokaci da ciwon mara duk wata. Mai yiwuwa bangon mahaifa ne ya yi tabo ya manne, kuma likitan mata yana iya raba shi. Ta biyu, wadda ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, nono ya ƙi zuwa, al'ada ba ta dawo ba, ga kasala, ga jin sanyi, gashin hammata da na gaba na zubewa. Wannan ana kiransa ciwon Sheehan: zubar jinin ce ta raunana wata 'yar tsoka a ƙasan ƙwaƙwalwa mai ba jiki umarni. Irin waɗannan matan akan yi shekaru ana ce musu ragwaye, ko a ce iska ce, alhali akwai magani.

In jinin ya ragu wata guda kuma gwaji ya nuna babu ciki, ki kwantar da hankalinki. In ya kai wata uku a jere ba ki shayarwa ba ki shan komai, ko nono na fitar da ruwa ba goyo, ko gashi na fito miki a haɓa, ki zo. Ki riƙe ranar da kika ga jini na ƙarshe, ko da lissafin watan Musulunci ne, mun iya juya shi. Ki taho da katin allurarki, kuma ki gaya mana abin da kika sha a gida, ba faɗa za mu yi miki ba.