Darasin Lafiya: Aikin da Bakteriya Ke Yi Cikin Ƙullun Koko

Masu sayar da koko a Bantama da sauran zangunan Kumasi sukan jiƙa gero ya kwana, su niƙa shi da citta da kanumfari, su tace, su bar ƙullun ya kwanta har ya yi tsami. Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar tsamin nan don daɗin baki kawai. Gaskiyar ita ce akwai aikin da ake yi a cikin ƙullun, kuma aikin ya shafi lafiyar yaranku, musamman inda babu firji kuma ruwa mai tsabta sai an sha wuya.

Mafi yawan abin da ke cikin gero da masara da rogo sitaci ne. Sitaci ƙwayoyin sukari ne da aka jera kamar carbi mai tsawo, kuma jiki ba ya iya amfani da shi sai an tsinka shi gunduwa-gunduwa. Abin da ke tsinkawar ana kiransa enzayim. Muna da namu a cikin miyau da hanji, shi ya sa in ka daɗe kana tauna burodi za ka ji ya fara zaƙi. Amma jariri ba shi da isasshe a watanninsa na farko. Wannan na cikin dalilan da ya sa ake cewa nono zalla har wata 6.

Ƙananan halittun da ake kira bakteriya su ma suna da nasu enzayim. Ba dukkansu ne ke kawo cuta ba. Waɗanda ke rayuwa a ƙullun koko, irin su Lactobacillus fermentum, suna cin sukarin hatsin, wasu nau'o'insu kuma suna iya farfasa sitacin kansa, sannan su fitar da tsami. Tsamin shi ne ke hana ƙwayoyin zawo yaɗuwa. A shekarar 1990, wata masaniyar Gana, Patience Mensah, da abokan aikinta suka auna kunun yara a gidajen wani ƙauye, suka tarar kunun da aka dama da ƙullun masara mai tsami bai kai na ƙullu marar tsami tara ƙwayoyin cuta ba, ko da an ajiye shi sa'o'i. Sai dai tsami ba ya wanke ludayi. A dama da ruwan da ya tafasa, a rufe, a wanke hannu da sabulu, abin da ya huce kuma a sake tafasa shi kafin a ba yaro.

Ga inda iyaye mata da yawa ke yin asara. Koko mai kauri yana yi wa yaro wuyar haɗiya, sai a ƙara ruwa. Yaro ya cika cikinsa da ruwa, ya tashi da yunwa, a hankali ya rame. Tsamin ƙullu kaɗai ba ya sassauta kauri sosai. Abin da ke yin wannan shi ne garin tsiro: a jiƙa gero ko dawa, a shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu kwana 2 zuwa 3 har ya tsiro, a shanya ya bushe ƙarau, a cire saiwoyin da tsiron, a niƙa. Cire tsiron dole ne, musamman na dawa, domin yana da guba. A nan enzayim ɗin na hatsin ne da kansa. Ƙaramin cokali ɗaya a kwanon kunu mai kauri mai ɗumi zai sa ya saki cikin 'yan mintoci ba tare da an ƙara ruwa ba. Daga nan a mayar wuta ya tafasa, a zuba ɗan mai ko niƙaƙƙiyar gyaɗa. Na yara a rage barkono.

Wake kuwa yana da wasu sukari da cikin ɗan Adam ba shi da enzayim ɗin narkar da su. Suna wucewa har babban hanji, bakteriyar can ta cinye su ta fitar da iska. Kumburin ciki bayan cin wake ke nan, ba cuta ba ce, kada ya sa a hana yara wake. A jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa ya yi laushi. Irin wannan farfasawar ce Bacillus subtilis ke yi wa kalwa kafin ta zama daddawa.

Waɗanda suka zo daga arewa ba su saba da rogo ba, su lura: rogo mai ɗaci yana da guba. Ana fere shi a jiƙa kwana 3 zuwa 5 har bakteriya ta tausasa shi gubar ta fita, a zubar da ruwan, sannan a shanya ko a dafa. Kada a ci shi ɗanye.

Idan yaro ya kamu da zawo, a ci gaba da ba shi nono da abinci, a ba shi ORS, da zinki na kwana 10 zuwa 14. Idan an ga jini a bayan gidansa, ko idanunsa sun faɗa, ko ya kasa sha, a kai shi asibiti mafi kusa nan take. Asibitin Komfo Anokye da ke nan Bantama yana karɓar yara dare da rana.