Sabulun Aski: Yadda Ake Zaunar Da Shi A Kofi, Da Abin Da Ba Zai Iya Yi Ba

Mai karatu, in ka taɓa zama gaban wanzami a Durba ta Ƙaramar Hukumar Kibiya, ko a gindin wata bishiya ranar kasuwa a Rano, ka san yadda aikin yake. Zai buɗe zabira, ya fito da aska da fatar wasa ta, sannan ya jawo ɗan ƙoƙo ko kofi mai gutsuren sabulu yana yawo cikin ruwa. Da wannan ruwan zai jiƙa kanka, kuma da shi ya jiƙa kan wanda ka gada a kan tabarmar. Darasinmu na wannan fitowa a kan wannan ɗan kofi ne, don wanzamai da masu aski a gida duka.

Me ya sa ake sa sabulu tun farko? Gashi busasshe yana da tauri. Idan aka jiƙa shi da ruwa mai ɗumi na minti 2 zuwa 3 sai ya yi laushi, kumfa kuma ta sa aska ta zame a kan fata maimakon ta kankare ta. Ƙarancin yanka shi ne ƙarancin jini, kuma za mu ga muhimmancin haka nan gaba.

Matsalar ita ce sabulun kanti mai kusurwa huɗu ne, gindin kofi kuwa zagayayye. In ka jefa shi haka nan, zai tokare a tsakiya ya bar sarari a ƙarƙashi. Ruwa ya taru a nan, sabulun ya jiƙe ya koma yauƙi, guntayen gashi da dattin kai su kwanta a ciki. Akwai ƙwayoyin cuta da ba abin da suke so irin wannan danshi, musamman da damina lokacin da komai ba ya bushewa da wuri. Ga kuma asara, don rabin sabulun narkewa yake yi ba a more shi ba.

Gyaran ba wuya. Sami kofi mai faɗin baki na tangaran, ko silba, ko roba mai kauri, ka wanke shi ya bushe. Ƙoƙon duma yana shan ruwa, yana kuma yin fumfuna a ciki, gwangwanin madara ko na tumatir kuwa yana tsatsa kuma bakinsa na yanka hannu. A bar su. Sai ka yanyanka sabulun siri-siri da wuƙa mai tsabta, ko ka goga shi a magogi ya zama ɓarɓashi. Zuba a kofin, ka yayyafa ruwa kaɗan, kamar cokalin shayi ɗaya, ka danna da babban yatsa ko bayan cokali har ya kama gindin kofin ko'ina, babu rami babu tsaga. Kada ya wuce rabin kofi, don a sami wurin tada kumfa. Ka bar shi a buɗe ya kwana. Da safe za ka tarar ya haɗe ya zama dunƙule ɗaya, ko ka kifa kofin ba zai faɗo ba. Kada a ɗora shi a wuta don ya narke: yawancin sabulun wanka ba ya narkewa kamar man shanu, ƙonewa kawai yake yi. Sabulun salo ya fi sauƙin dannawa da yake mai laushi ne, amma ya fi saurin jan danshi, sai a sa kaɗan-kaɗan.

Sabulun wanki na sanda da garin Omo ba na fata ba ne. Suna da kaifi, suna busar da fata har ta tsattsage, balle da hunturu.

Bayan kowane aski a ɗauraye saman sabulun, a tsiyaye ruwan tas, a jingine kofin a karkace ya sha iska. Kada a rufe shi ko a cusa shi cikin zabira da jiƙonsa.

To, shin sabulun da mutane da yawa suka taɓa yana yaɗa cuta? A 1988 wasu masu bincike a Amurka sun zuba ƙwayoyin cuta da gangan a kan sabulai, suka ba mutum 16 suka wanke hannu da su, aka duba hannayen ba a sami ƙwayoyin ba. Wannan labari ne mai daɗi, amma a lura: lafiyayyar fatar hannu ce aka gwada, kuma an ɗauraye ta. Kan da aska ta bi ba haka yake ba. Ko ido bai ga jini ba, akwai ƙananan tsagogi da aska ke bari.

A nan ne babban batun yake. Sabulu yana wanke datti, amma ba ya tsarkake aska daga ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Wannan ƙwaya tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana 7 ko fiye, kuma ta fi ƙwayar ƙanjamau saurin kamawa nesa ba kusa ba. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Akasarinsu garau suke, ba shawara ba rama, su kansu ba su sani ba. Wanzamin da ya aske mutum 25 ranar kasuwa, ba mamaki biyu daga cikinsu na ɗauke da ita, kuma ba zai gane su a fuska ba.

Saboda haka doka ta farko: aska ba ta shiga kofin sabulu. Mun sha ganin ana tsoma ta a ciki don ɗauraye gashi, sannan a ɗebi ruwan a shafa wa na gaba. A tanadi mazubi biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye aska, kuma a zubar da ruwan na biyun bayan kowane mutum. Idan kai ya yi jini, wanzami ya wanke hannunsa kafin ya sake taɓa sabulun. Wasa aska a fata ko goga ta a tafin hannu kaifi yake ƙara mata, ba ya kashe komai.

Abin da ya fi shi ne kowa ya zo da sabuwar rezarsa, a ɓare ta a gabansa, a kuma jefa ta inda yara ba za su tsinta ba. In dole sai askar gargajiya, a wanke ta da sabulu, sannan a tafasa ta minti 20, ana ƙirgawa daga lokacin da ruwan ya fara tafasa. Wanzami mai askake huɗu ko biyar zai iya tafasa su tun daga gida, ya yi wa kowa da tasa. Kai ma mai zuwa aski, ba rashin kunya ba ne ka ce, "Sarkin Aska, ga tawa na zo da ita." Wanzamin kirki ba zai ji haushi ba.

Iyaye su fi kowa kula ranar suna. Babban mutum in ya kamu da ciwon hanta nau'in B, galibi jikinsa kan kore shi. Ƙasa da 5 cikin 100 ne yake zame wa na dindindin. Jariri kuwa, kusan 9 cikin 10 da suka kamu za su rayu da shi, kuma shi ne kan kai ga ƙanƙancewar hanta ko dajin hanta bayan shekaru. Askin suna a kwana na 7, sai da sabuwar reza, sabon sabulu da ruwa mai tsabta. Tun 2004 allurar rigakafin wannan ciwo ta shiga jerin alluran yara a Nijeriya, kuma ta farko an fi so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Ko a gida aka haihu, a kai jaririn asibiti mafi kusa tun kafin wanzami ya zo.

Akwai kuma makero, wanda ke bin aska da mataji da tsumman goge kai daga yaro zuwa yaro. In an ga yaro da farin tabo zagayayye gashi na zubewa a wurin, a yi masa aski da kayansa shi kaɗai. Makeron kai ba ya jin man shafawa kawai, sai an haɗa da maganin sha na makonni, wanda likita zai rubuta.

Masu ƙurajen aski a haɓa ko ƙeya, gashinmu ne mai lanƙwasa yake komawa ya soki fata idan an yi ƙwal da yawa. A jiƙa sosai, a bi inda gashi ya kwanta, kada a ja fata, a kuma ba wurin hutu na 'yan makonni. Kada a shafa ruwan batir ko baƙin mai. In ƙurajen ƙeya sun fara tauri suna haɗewa, a zo sashen fata. Wanda kuma ya daɗe yana aski da askar gayya, ya nemi a yi masa gwajin ciwon hanta: ɗan jini kaɗan ake ɗiba, kuma in ba a sami komai ba, manya ma ana yi musu rigakafin, allura uku cikin wata 6.