Gaban motata ya ƙi zama lafiya

Raina a ɓace nake rubuto maka. Ina da Hilux da nake jigilar hatsi da ita daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau, da ita nake ci da iyalina. Na sha sauya shok ɗin gaba, kullum sai bakanikena ya rantse mini cewa na asali ne, amma ba a jimawa sai ya fara yoyon mai, motar ta dinga tsalle, sitiyari yana rawa a hannuna. Mutumin nan tare muka tashi, ban taɓa zaton zai cuce ni ba. Yanzu kuma wai in sayi dogon sifirin a ɗaga gaban motar. Ni rantsuwar nan ce ta fi ƙona mini rai. Wane shok zan saya da ba za a sake cutata ba?

Wani direba daga Kano

Ɗan'uwa, Allah ya huci zuciyarka. Sai dai ka cika wasiƙarka da zancen rantsuwa, ka bar abin da ya fi muhimmanci: buhu nawa kake ɗora wa motar nan? Hilux abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba, har da kai da yaran motarka. Buhun masara mai kilo 100 guda goma ya riga ya cinye wannan. Idan lodinka ya haura haka, kuma ya zarce bayan tayoyin baya, to baya zai zauna, gaba ya ɗaga sama. A nan shok ɗin gaba zai yi ta aiki a miƙe, yana bugun ƙarshensa a kowace gargada, ya yi zafi, robar da ke riƙe mansa ta saki. Tayoyin gaba kuma ba su danne ƙasa sosai ba, shi ya sa sitiyari yake rawa, birki ma ƙarfinsa ya ragu. Da dare ka duba fitilunka: idan rassan bishiya suke haskawa maimakon hanya, ka samu amsarka. Shok ba ya ɗaukar nauyi, aikinsa kawai ya kwantar da tsallen sifirin, don haka ko na asali ne ba zai daɗe a wannan hali ba. Ana sayar da jabu, ba na musu, amma bai dace ka yanke wa abokin ƙuruciyarka hukunci ba tare da ka auna kayanka ba.

Maganar dogon sifirin kuwa, ka manta da ita. Tun ƙirar 2005 kowace tayar gaban Hilux da hannayenta take motsi ita kaɗai, kuma ɗaga ta fiye da inci biyu yana karkatar da shaf da boljoyin, su ci kansu da wuri. Sifirin mai ƙarfi a gaba na wanda ya ɗaura bambar ƙarfe mai nauyi ne, kai kuwa nauyinka a baya yake.

Na san za ka ce kowa haka yake lodi, kuma buhu goma ba ya fitar da kuɗin mai. Tsadar mai gaskiya ce, amma ka haɗa abin da ka kashe a shok da tayoyi da ranakun zaman gareji, ka gani ko ƙarin buhunan sun biya. Ko da ka ƙara ganyen sifirin baya, birki da tayoyi suna nan yadda kamfani ya auna su. Idan sana'arka ta fi ƙarfin akori-kura, Canter take nema.

Ka koma wurin bakanikenka, ku duba bushin da boljoyin da tayarod, a sa shok biyu iri ɗaya daga dilan da zai ba ka rasit, a yi alaimen. Sannan ka riƙa jera buhunan daga jikin kan mota, kada ka wuce goma.