Amsar Tambaya: Makafi da Shafin Intanet

Tambaya: Na buɗe wa shagona na Daura shafin intanet. Yaya zan yi makafi su amfana?

Amsa: Malam, makaho galibi da kunne yake karatu. Manhaja irin TalkBack ta Android ko NVDA ta kwamfuta ce ke karanto masa rubutu, amma ba koyaushe take gane abin da ke cikin hoto ba. In ka sa hoton rijiyar Kusugu, cike gurbin bayaninsa, kada ta karanto masa lambar fayil. Farashin da ka ɗauka a hoto ka liƙa kuwa, a wurinsa sau da yawa babu shi; buga shi da rubutu. Kowane maɓalli ya samu suna. Masu raunin gani ka ba su baƙin rubutu manya-manya a kan fari. Sannan kunna TalkBack, rufe ido, ka gwada saye da kanka.