Neman ɓoyayyen akwati: waya ko na'urar GPS?

Wasan geocaching, wato bin lambobin wuri don gano akwatin da wani ya ɓoye, ya fara ne a jihar Oregon ta Amurka a shekarar 2000. Sabon shiga a yau, wayar aljihunsa ta ishe shi. Masu cewa waya ba ta aiki inda babu sabis sun manta cewa siginar GPS daga tauraron ɗan'adam take zuwa. Taswira ce ke cin data, kuma ana iya sauke ta tun daga gida. Raunin waya na gaske caji ne da ruwan sama. Saboda haka mai wuni a daji ya nemi na'urar GPS irin Garmin eTrex, wadda ke jure jiƙewa, kuma batir AA take ci, ana sauya shi nan take.